Rabi, Kin Share Ni Ko?

Zuwa ga Yaya Mansur,

Ina yi maka sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, tunda ta gida ka daina amsawa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Hankalina ɗaya, ko da yake in ka ji abin da na aikata a 'yan watannin nan za ka yi shakkar hakan. Na zauna rubutun ne don akwai maganar da ba zan iya gaya wa Inna ba, ba zan iya gaya wa Alhajin tasha ba, kai kuma da ya kamata in gaya wa, yau wata biyar ke nan da aka fita da kai daga tsakar gidanmu.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce ban da tarbiyya. Inna tana nan lafiya, sai dai ƙafar nan tata da ke kumbura in an yi ruwa, kuma bana ruwan bai yi mana da wasa ba. Layinmu ya cika har bakin ƙofa, an jera bulo ana takawa zuwa masallaci. Babur ɗinka Kawu Isa ya ɗauka, yana tuƙa shi kamar yana jin tsoronsa. Bironmu, wato ofishinmu na saman shagon atamfa, yana nan yadda ka bar shi, fankar tana ƙararta, kujerarka tana fuskantar taga. Sau biyu na yi niyyar saukar da ita ƙasa, sau biyu na fasa.

Ka tuna rigimarmu? Shekara huɗu muna zaune ɗaki ɗaya, muna kula da manhajar sayar da kujeru ta direbobin da ke zuwa Parakou da Djougou da Kandi, amma ko sau ɗaya ba mu taɓa yarda da juna a kan yadda ake neman kuskure ba. Kai mutumin log ne. Duk inda manhaja za ta bi sai ka dasa mata layi, ta rubuta a fayil cewa ta wuce nan da ƙarfe kaza, ga abin da ke hannunta. In abu ya ɓaci sai ka haɗa shayinka ka zauna kana bin sawu. Ni kuwa dibaga, abin tsayar da manhaja a leƙa cikinta, na koya a jami'a a Calavi, kuma ina ji da shi. In kafa shinge a layin da nake zargi, manhaja ta zo ta tsaya cak, in leƙa cikinta in ga komai, in riƙa matsar da ita taki ɗaya-ɗaya har in damƙe ɓarnar da hannuna. Na sha ce maka naka aikin mafarauta ne masu bin kashin dabba a daji. Kai kuma ka ce nawa na ɗan sanda ne, wai wane ɓarawo ne zai yi sata an tsayar da shi ana kallonsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kake rubuta su. Mutane suna rubuta log da Faransanci ko Turanci, gajere, babu surutu. Kai sai da Hausar gidanmu, kamar manhajar mutum ce mai ba da rahoto. "Na shigo." "Na duba kujera ta tara, babu kowa." "Na ba shi." "Na fita lafiya." Har da wani da ka sa a wani lungu: "Bai kamata in zo nan ba, amma ga ni." Ranar da mai gyaran sabar, babbar kwamfutar da manhajar ke kai, ya gani ya tambaye ni wace irin lamba ce wannan, kamar in nutse don kunya. A makonka na ƙarshe a biro, fayil ɗin ya kumbura har ya kusa cika mana wuri, na ce maka ranar da ka juya baya sai na share su kaf. Ka yi dariya ka ce in gwada. Kwana shida bayan nan ciwon sikilar ya tashi, wannan karon bai sake ka ba. Ka ga maganar aiki ta ƙarshe da na yi maka a duniya?

Na koma biro bayan mako biyu. Na kunna kwamfuta, na buɗe fayil ɗin don in ga ko komai na tafiya, sai ga ka. Na shigo. Na ba shi. Na fita lafiya. Na shigo. Layi na bin layi, da lokacin yau, da daƙiƙar da nake ciki, duk sanda wani ya sayi kujera a taga. Da muryarka nake jin su, Yaya, har da yadda kake jan "lafiya" ɗin nan. Mutumin da aka fita da gawarsa a gabana yana ce min ya fita lafiya sau ɗari kafin azahar. Na daure kwana uku. Rana ta huɗu na bi manhajar fayil-fayil na cire su duka, ban bar ko ɗaya ba. Na gaya wa kaina tsabtace aiki nake yi. Ƙarya ne. Haushinka nake ji, don ka san jikinka ya fara ba ka alama tun kafin makon, ka ɓoye mana, kana ta zolayata a kan log.

Shiru ya sauka. Na ji daɗinsa kwana tara.

Rana ta goma Alhaji ya kira ni daga tasha, muryarsa a sama. An sayar da kujera ɗaya ga mutum biyu a motar Parakou, ɗaya a tagar tikiti ta nan Zongo, ɗaya a tagar reshen Godomey, kowa da takardarsa mai lamba goma sha huɗu, har sun kusa cin kwalar juna. Abin da bai taɓa faruwa ba a shekara huɗu. Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Na kafa shinge a wurin sayarwa, na sayar wa kaina kujera, na bi taki-taki. Lafiya lau. Na sake. Lafiya lau. Kwana uku ina yi, manhaja tana tafiya a gabana kamar ɗalibar kirki, ba ta kauce ko sau ɗaya ba. Na tuna maganar ɗan sandan nan taka, na yi tsaki ni kaɗai a ɗaki.

Da la'asar ɗin rana ta uku, don gajiya kawai, hannuna ya kai ga fayil ɗin log. Ban san me nake nema ba. Ni na share masu rubutu a cikinsa, ni na kwashe abin da ke ciki, ya kamata in tarar da shi fari fat. Sai na tarar da layi ɗaya tilo a samansa, da ranar da aka yi rigimar motar Parakou, da ƙarfe bakwai da 'yan mintuna na safe:

"Rabi, kin share ni ko?"

Ban yi ihu ba. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, na ji kamar in na waiwaya zan ga kujerarka ta juyo. Ban waiwaya ba. Na rufe kwamfutar a hankali, na sauka, na tsaya a bakin titi cikin rana ina karanta duk abin da ya zo bakina. 'Yan zem masu acaɓa suna ta tsayawa suna tambayar ina za ni, ni kuwa ko kai na kasa girgiza musu. Mai shagon atamfa ta ba ni ruwa, ta ɗauka jiri ne. Na san matattu ba sa aiko da saƙo. Tun muna yara aka koya mana, kuma na yi imani. Amma me ya sa ƙafafuna suka ƙi hawa matakalar nan har sai da aka kira magariba na ce gobe?

Washegari na hau da ƙarfin hali na yi bincike irin na mai hankali. Na same shi. Wani ɗan ƙaramin fayil ne ka ɓoye a cikin tarkacen na'urar buga takarda, inda ka san ba na leƙawa, ka sa masa suna mai-gadi. Aikinsa ɗaya: bayan kowane ciniki ya duba ko an ba mutum biyu kujera ɗaya, in haka ne ya rubuta layi. Tun watanni kafin rasuwarka ka dasa shi. Daga nan na gane sauran. Layukan nan naka da na raina ba surutu kawai suke yi ba. Fayil ɗaya ne, kuma ka tsara shi yadda duk cinikin da ya ce "na shigo" zai riƙe shi har sai ya ce "na fita", na biyu dole ya jira. Kamar alƙalami ɗaya ne a tsakanin magatakarda biyu. Da na share su, sai Zongo da Godomey suka daina jiran juna. In suka danna a daƙiƙa ɗaya, kowa ya ga kujera babu kowa, kowa ya sayar. Dibaga kuwa ba zai taɓa ganin haka ba, don ni kaɗai ce a ciki, ina tafiya a hankali.

Ashe ka sani. Ka san ƙofar gaba ɗaya a kan log ɗinka ta rataya, maimakon ka sa mata makulli na gaskiya sai ka haƙa min rami ka zauna jira. Na gan ka sarai: ka ɗauka wata rana za ka tafi bakin teku a Fidjrossè shan iska kamar yadda ka saba ran Lahadi, in yi amfani da damar in share su, in kira ka a rikice, ka yi ta dariya har ka ƙware. Wasa ka shirya mana, Yaya. Ba ka sa mutuwa a cikin shirin ba.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami da takarda.

Na kafa shinge a cikin mai-gadin naka. Manhaja ta tsaya, dibaga ya nuna min inda ka ajiye saƙonnin, jeri guda, a gefensa an rubuta goma sha biyu, da 'yar kibiya da in na danna za su baje a gabana gaba ɗaya. Ka yi musu wata 'yar rufa-rufa don kada in karanta su a fayil, amma dibaga ba a ɓoye masa komai. Yatsana yana kan kibiyar. Na ɗauke shi. Na ga in na buɗe su yanzu, takardar mamaci ce kawai, in karanta in yi kuka in rufe. Amma in suka zo da kansu, ɗaya bayan ɗaya, da ranar yau da lokacin yau a gabansu, to kai ne kake magana. Duk sanda kuskuren ya faru, layi ɗaya zai fito.

Gyaran kuwa na san shi tun a ranar. Makulli ne a kan kujera, layi bai fi goma ba, aikin rabin awa. Ban yi ba. Na gaya wa Alhaji matsalar rezo ce, wato layin sadarwa, tsakaninmu da Godomey, ina kan bincike. Mutumin nan da ya zauna a tabarmar makokinka kwana uku, na dubi idonsa na shirga masa ƙarya, ya ce Allah ya taimake ni.

Na biyu ya zo bayan kwana biyar: "Dibaga ɗinki ya gan ni?" Na yi dariya har hawaye, dariyata ta farko tun da ka tafi. A tasha kuwa wani ɗan kasuwa ya yi tafiyar Djougou a kan benci tsakanin kujeru. Na uku: "Ina nan dai." Na huɗu: "Na ce ina nan." Wannan na karanta shi da rana tsaka, ga hayaniyar kasuwa tana shigowa ta taga, amma sai da na tashi na buɗe ƙofa na bar ta a buɗe. Na fara zuwa biro da wuri. Kafin in ajiye jaka na buɗe fayil. In babu sabon layi sai in ji ranar ta lalace, in yi ta faɗa da kowa a gida. Ka san ma'anar wannan? Ina fatan a cuci wani bawan Allah a tasha don in ji daga gare ka. Ranar Juma'a da jajibirin tafiye-tafiye, da na ga layin mutane ya yi tsawo a taga, sai in ji gabana yana faɗuwa irin na murna.

Na biyar ne ya kusa zautar da ni: "In kin gaji ki kira ni." Ina gida lokacin, da hantsi, na duba ta waya. Ban yi tunani ba, na danna lambarka. Na ɗauka za a ce a kashe take. Sai ta shiga. Sai na ji ƙarar wayar nan taka tana tashi a cikin gidan, a hankali, daga ɗakin Inna. Na bi ta. A cikin durowar gadonta take, a naɗe cikin hularka, cajinta a cike. Ashe duk watannin nan Inna tana sa mata caji a ɓoye, tana sa mata kati don kada a rufe layin. Ta shigo ta same ni tsaye, waya a kowane hannu, ɗaya tana kiran ɗaya. Ta miƙo hannu. Ta karɓa ta mayar ta rufe durowar.

Na shida: "Ina jiran kiranki." Ban gaya wa kowa ba, na kwana biyu ba na iya cin abinci.

Na bakwai ya zo ran Asabar da ta wuce, ina cikin tashar da kaina. Na ce wa Alhaji zan zauna kusa da taga in sa ido a kan matsalar. Gaskiyar ita ce so nake in kasance a wurin lokacin da za ka yi magana. Motar Kandi ta safe ta cika. Sai ga Iya Hauwa, ka san ta, tsohuwar nan mai sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa a bakin layin masallaci, wadda take ce maka ɗan boko. An aiko mata ɗanta yana kwance a Kandi, jiki ya yi tsanani, a zo da sauri. Ta sayi kujerarta da sassafe. Ta hau ta tarar da wani a kai, ya taso daga Godomey da takarda mai lamba iri ɗaya, da matarsa da kaya, ya riga ya zauna. Benci ma an cika shi. Direba ya ce ba yadda zai yi.

Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ba ta yi ba. Ta sauko da ƙullin kayanta, tana nuna wa duk wanda ta gani takardar, ko wani zai ce mata ga inda ta yi kuskure. Har ta iso gare ni, don ta ga kwamfuta a cinyata. Ta kira ni 'yar nan, ta miƙo min, ta ce in duba mata ko takardar banza aka ba ta, ita ba ta iya karatu ba. Na karɓa. Motar tana fita daga ƙofar tasha a bayanta. Na kalli allo, ashe sabon layi ya sauka tun sassafe, kafin in iso:

"Haba Rabi, har yanzu?"

Me zan ce mata, Yaya? In ce takardarta gaskiya ce, ni ce ta banza? In ce na san wannan zai faru da wani yau, har na yi wanka na zo kallo? Na ce mata na'ura ce ta yi kuskure. Ta ce Allah ya kyauta, ta yi min godiya. Ta zauna a kan ƙullinta a inuwar bango. Sai washegari ta samu mota. Har yau ba ta dawo ba, teburinta yana nan a rufe da buhu an ɗora dutse. Kwana ukun nan kullum ina wucewa ta wurin, kullum ina niyyar tambayar maƙwabciyarta ko ta tarar da shi da rai, kullum ina ƙara sauri in wuce.

Kai ka rubuta layin nan kana zolaya, na sani. Ka ɗauka a na biyu ko na uku zan kama, ka ƙara sauran don cika jeri. Ba ka taɓa zaton ƙanwarka za ta kai na bakwai da gangan ba. Amma da za ka leƙo daga inda kake ka ga abin da na zama, anya akwai wata kalmar da za ka faɗa min in ba wannan ba?

Ina jin haushinka har yanzu, kada ka ɗauka na huce. Aikin ganganci ka yi, ka bar rayuwar matafiya a rataye da wasa tsakaninka da ni. Amma kuma in ba don layin da ka bari ba, da har yau ina can ina taka manhaja a hankali tana yi min ladabi. Abin da ke faruwa a taga biyu lokaci ɗaya, cikin turmutsutsun safiya, babu shingen da zai tsayar da shi a kalla. Sai dai a bar abin da zai shaida. A wannan ka fi ni gaskiya, kuma ban taɓa ce maka ka fi ni gaskiya a komai ba tun da aka haife ni. Ga shi na faɗa, a lokacin da ba za ka iya yi min gori ba.

Jiya Litinin na je wurin Alhaji na gaya masa ba rezo ba ne, ni ce, kuma na daɗe da sanin gyaran. Ban gaya masa dalili ba. Ya ce in je in gyara, maganar aikina kuma sai ƙungiyar direbobi ta zauna. Ko za su bar min ko za su ba wani, ban sani ba, kuma ba ni da bakin roƙo. Na hau biro na sa makullin. Minti ashirin da biyar ya ɗauke ni. Na zuba sabbin log nawa a duk inda ya kamata, gajeru, ba su riƙe komai, ba sa kiran sunan kowa.

Saura biyar a jerin naka. Na san zan iya danna kibiyar in karanta su. Na san ma zan iya ƙirƙiro kuskuren a kwamfutata, ba tare da an taɓa kowa ba, in sa su fito ɗaya-ɗaya. Na yi tunanin hakan sosai. Amma wannan ni ce zan yi kira, ni ce kuma zan amsa wa kaina da muryarka, kuma na ga inda hanyar nan take kai mutum. Wataƙila wata rana, in na tsufa, in na daina jin tsoron kujerar da ke bayana. Ban share mai-gadin ba. Yana nan yana dubawa bayan kowane ciniki, ba zai sake samun abin faɗa ba.

Yau da safe na zauna na kalla. Ƙarfe bakwai da kwata Zongo da Godomey suka danna kujera ɗaya a daƙiƙa ɗaya, na gani a log ɗina. Ɗaya ya samu, ɗaya aka ce masa ya zaɓi wata. Mutum biyu suka hau mota, kowa ya zauna a wurinsa, ba su ma san an yi wani abu ba. Na jira. Na ƙara jira har shayina ya huce. Ba ka ce komai ba.

Karo na farko da na rufe maka baki, cikin fushi na yi, ban san abin da nake yi ba. Wannan karon da sanina na yi, kuma ya fi ciwo nesa ba kusa ba. Ka yafe min na farkon. Na biyun ba na neman yafiya a kansa, don na san da kana nan da kai za ka fara cewa in yi.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yalwata maka shi, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya sa Iya Hauwa ta tarar da ɗanta. Ka huta, Yaya. Zan riƙe tashar in sun bar min, zan riƙe Inna ko ba su bar min ba.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Rabi, daga bironmu na Zongo.